Farin Gam a Kan Ɗanyen Siminti

Mijin yayata mai shimfiɗa kafet ne, ni kuma mai fenti, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan da ake ƙarasa gininsa ya san masu waɗannan sana'o'i biyu ba sa ga-maciji. In na gama ɗaki ya shigo bayana, ya ce na ɗige masa ƙasa da fenti, gam ba zai kama ba. Ni kuma in koma in tarar ya karce mini gindin bango da wuƙarsa. Shekara ashirin da shida muna haka, babu wanda ya taɓa ba wani haƙuri. A duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak na ga ya shimfiɗa kafet a kan simintin da bai bushe ba, kuma a ɗakin yayata ne, lokacin da take kwance a asibiti.

Tukuna ake ce masa. Sunansa na yanka sai dai a takarda. Ko me ka zo masa da shi, amsar farko ɗaya ce: tsaya tukuna. Yaya takan ce aurenta ma sai da ya yi masa tukuna shekara biyu, har ta fara shafa goshinta ta ji ko leda ya liƙa mata yana jiran ta yi gumi. Wanda bai san yadda yake aiki ba ba zai gane wannan zolaya ba.

Kafin ya buɗe galan ɗin gam a kowane ɗaki, yakan yanki leda faɗin kamu ɗaya, ya shimfiɗa a kan daɓen siminti, ya liƙe gefenta huɗu da salatif, ya tafi abinsa. Sai bayan kwana biyu ya dawo ya ɓamɓare. In ƙarƙashin ledar a bushe yake, aiki ya tashi. In ta yi gumi, ko simintin ya yi duhu a wurin, sai ya sake liƙawa ya ce wa mai gida sai mako mai zuwa. A cewarsa siminti yakan bushe a fuska cikin kwana uku, amma ruwan da aka kwaɓa shi da shi yana nan a ciki, yana fitowa a hankali har wata guda ko fiye. In ka rufe shi da kafet ruwan bai fasa fitowa ba, sai dai ya tarar da gam a hanya ya narkar da shi.

Ba a littafi ya karanta wannan ba. Babban aikinsa na farko ɗakin taro ne na wata makaranta. Aka ce masa baƙi za su zo ranar Asabar, ya shimfiɗa ranar Laraba a kan simintin kwana goma, aka yi ta yaba masa. Bayan wata uku kafet ya tashi tudu-tudu, ɗaki na warin jiƙaƙƙen tsumma. Kwana tara ya yi a durƙushe shi kaɗai yana kankare ruɓaɓɓen gam. Tun daga nan gwiwoyinsa suka yi kanta, tun daga nan kuma ba a sake sa shi sauri ba. Na taɓa ganin wani manaja yana ta yi masa ihu, wai gobe za a kawo kujeru. Tukuna ya bari ya gama tsaf, sannan ya nuna masa ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, da shi za ka yi magana, ba da ni ba."

Gam iri uku yake aiki da su. Akwai fari, na ruwa, wanda ba shi da wari. Ana shafa shi da cokalin magina mai haƙora, a jira ya fara danƙo sannan a kwantar da kafet. A busasshen daɓe yakan yi shekara goma, a ɗanye kuwa 'yan watanni ne. Akwai ja, mai warin fetur, wanda ya fi jure danshi, amma yana cinye kafet mai bayan soso, kuma warinsa kan yi makonni a ɗaki. Sai na ukun da ba ya bushewa, na 'yan haya da ofisoshi, a ɗaga kafet a mayar in an ga dama. Kafin ya zaɓa sai ya juya kafet ya ga bayansa, buhu ne ko roba ko soso, ya ɗiga ruwa a ƙasa ya ga siminti zai sha ko kuwa, sannan ya tambayi su wa za su riƙa takawa. Mutum ya kira shi don ɗaki ɗaya, sai ya ga ana tambayarsa ko yana da tsohuwa a gida.

Jan gam ya kashe masa hanci tun da daɗewa. Ko abinci ya ƙone a gabansa sai ya ga hayaƙi. Don haka Yaya ta zama hancinsa. Ita tela ce, ita ke ɗinke masa bakin kafet in ya yanka don kada ya warware, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga saman bene take gane gam ɗin da ya wuni da shi, tun yana ƙasa yana kulle babur. Sai ka ji ta ɗaga murya, "Jan gam yau. Tuɓe rigar a nan, kada ka hawo mini da ita." In ya yi aiki a ɗakin jarirai ko na mara lafiya, ita yake ɗauka ta je ta shaƙa, sai ta ce ya yi sannan ya ba da makulli.

Gidansu ɗan ƙaramin bene ne, ɗaki biyu a sama, matakala goma sha bakwai, ƙasa kuma sito ne da yake tara ragowar kafet da tsofaffin galan-galan. 'Ya'yansu uku, biyu suna nesa. Babbar ce a kusa, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take.

Tari Yaya ta fara, ta ce ƙurar zare ce. Da ya ƙi tafiya ta ce sanyi ne. Ranar da ta zauna a matakala ta biyar ta kasa ƙarasawa, aka kai ta asibiti, suka riƙe ta. Ciwon a huhu yake. Kwanciya kuma ta sa ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, ta koma jan ta in tana tafiya da sanda. Kowa ya ga ba za ta sake hawa benen nan ba, sai aka yanke a mayar da sito ɗakinta. Daɓen siton ba ya gyaruwa, shekara ashirin yana shan gam da man babur, ga ramuka. Magini ya fasa shi ya zuba sabo. Ni na yi bango da fentin ruwa, kuma ban ɗiga ko ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Tukuna ya duba ko'ina, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Ina cikin shafa fenti karo na biyu Malama ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Kawu, likita ya kira mu ni da Baba."

Na ce, "To?"

"Ya ce wata huɗu. In da sauran kwana, biyar. Ya ce babu abin da za su yi mata a can da ba za a iya yi a gida ba, duk ranar da ɗaki ya shirya mu ɗauke ta."

Na zauna a kan bokitin fenti. Matar nan ita ta goya ni, ita ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ina yaro.

Malama ta ce, "Ba za mu gaya mata ba. Za mu ce ta samu sauƙi ne shi ya sa aka sallame ta. Ka ji, Kawu? Ka san bakinka."

Ban ji daɗin wannan shawara ba. A sanina ba a taɓa rufe Yaya ba, ko kan kuɗin cefane ko kan wanda ya fasa kofi. Amma uba da 'ya sun riga sun gama magana, ni ɗan kallo ne, sai na ce na ji. Aka ɓoye takardun asibiti a gidan Malama. Aka buga wa 'yan'uwa waya ɗaya bayan ɗaya, aka ja musu kunne kada kowa ya zo da jan ido.

Saura ɗaki. Lokacin ruwan sama ne, iska ma a jiƙe take. Tukuna ya aro fanka biyu ya kunna wa daɓen, ya buɗe taga da ƙofa, ya liƙa leda a tsakiya da kusurwa. Kwana na biyar ya ɓamɓare, ruwa har yana gangarowa. Na bakwai haka. Na tara gumin ya ragu, amma simintin baƙi ƙirin a ƙarƙashi. Kullum da yamma ya je asibiti, kullum Yaya ta tambaye shi yaushe za ta koma gidanta, ta gaji da gadon da ba nata ba da kukan mutanen da ba ta sani ba. Ya ce mata tsaya tukuna, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

A kwana na goma sha ɗaya ledar ta sake yin gumi, Malama kuwa ta gaji.

"Baba, kwana nawa gare mu da za ka riƙa ba siminti? A kawo ta haka, a bar kafet ɗin."

Ya ce, "Ɗanyen siminti sanyi yake fitarwa, ƙirjinta ba zai ɗauka ba. In kuma ta faɗi, a kan dutse ta faɗi."

"To a shimfiɗa kawai, ba sai an liƙa ba."

"Kin ga yadda take jan ƙafa? Kafet ɗin da ba a liƙa ba, ranar farko zai naɗe ya kayar da ita."

Ni da ba a tambaya ba na ce, "Ai sai ka sa jan gam, tunda shi ba ruwansa da danshi."

Ya dube ni kamar na zuba masa fenti a ido. "Mai ciwon huhu, a ɗakin jan gam? Kai dai tsaya a bango."

Malama ta fita tana kuka. Shi kuma ya durƙusa ya daɗe da tafin hannunsa a kan daɓen. Ban san me yake ji a wurin ba, ni da na taɓa sanyi kawai na ji.

Washegari da safe ya ce in raka shi shagon gam. Mai shagon tsohon abokin cinikinsa ne, ya sha jin Tukuna yana yi wa wasu masu saye faɗa a gaban kantarsa. Da ya ce a ba shi farin gam galan ɗaya, sai mutumin ya mayar masa da tambayarsa don tsokana.

"Daɓen kwana nawa ne, malam?"

"Sha biyu."

Mai shago ya fashe da dariya, ya juya wurina don in taya shi. Da ya ga ban taya ba, ya sake duban Tukuna, sai ya hau tsani ya sauko da galan ɗin. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A hanya ina bayan babur rungume da galan, na san lissafin da ya yi, don ni ma na yi shi. Farin gam a ɗanyen siminti wata huɗu yake yi, ko biyar, kafin ya saki. Babu wanda ya furta a cikinmu.

Ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Ya share daɓen sau uku. Ya zaɓi kafet mai gajeren gashi don kada sanda ta maƙale, shuɗi mai duhu, mai bayan buhu, wai shi ya fi barin danshi ya fita. Ya naɗe rabi, ya shafa gam da cokalinsa mai haƙora layi-layi, ya zauna a kan dugaduginsa yana taɓawa da ɗan yatsa har ya fara kamawa. Sannan ya kwantar, ya bi da wani bututun ƙarfe da ya cika da siminti yake mirginawa a kai, daga tsakiya zuwa bango. Da ya zo yankan gefe sai ya sa kwali tsakanin wuƙa da bangona. Ashe ya iya, shekara ashirin da shida.

Bayan kwana biyu muka ɗauko ta. Mun shirya komai. Mun san abin da za mu ce kan magunguna, kan dalilin da ya sa ba sai ta koma ganin likita kowane mako ba, kan 'ya'yanta na nesa da za su zo a wata ɗaya kamar an haɗa baki. Mu uku muka zauna muka toshe duk wata ƙofa, amma babu wanda ya yi tunanin ƙasan ɗakin.

Da la'asar ta shigo, sanda a dama, Malama a hagu. Ta rame ƙwarai, amma idon nan yana nan. Ta dubi bango.

"Wa ya yi fenti?"

Na ce ni ne.

"Shi ya sa kusurwar can ta fi haske."

Aka zaunar da ita a bakin gado. Ni na hau kujera ina ɗaura labule. Ta cire takalmi, ta shafa tafin ƙafarta a kan kafet, gaba da baya, ta ce yana da laushi. Tukuna yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu kamar baƙo. Sai na ga ta ɗaga kai ta ja iska a hankali, yadda take yi in ya kai ta duba ɗakin mutane.

"Ba jan gam ba ne."

Ya ce, "A'a. Saboda ƙirjinki."

"Farin ne."

"Farin ne."

Ƙafarta ta daina motsi.

"Malama, yaushe kika ce mini magini ya zuba siminti?"

"Ai ya daɗe, Mama."

"Ranar da aka canza mini gado ne, kin zo da siminti a takalminki. Yau kwana goma sha huɗu." Ta juya wurin mijinta. "Ledar ta bushe?"

Malama ta yi caraf ta ce ai fanka biyu aka kunna dare da rana, kuma akwai wani sabon gam da aka fito da shi wanda ba ya jin danshi, duk masu aiki shi suke sa wa yanzu. Yaya ta bar ta ta kai aya.

"Je ki ɗora mini ruwan shayi."

Malama ta fita. Ni ba ta kore ni ba, don har gobe ba ta ɗauke ni babban mutum ba. Na tsaya a kan kujera da labule a hannu.

Ta ce masa, "Shekara talatin da ɗaya ina wanke maka wando. Na ga ka bar manyan ayyuka saboda leda ta yi gumi, muna kallo wani ya karɓa. Abin da ba ka yi wa bare ba, ba za ka fara da ni don ganganci ba. Ka sa wannan ne don ka san ba za a daɗe ana taka shi ba. Me likita ya ce maka?"

Ya matso ya durƙusa a gabanta. Shi mutum ne da ya fi iya zama a kan gwiwa fiye da kan kujera. Ya sa babban yatsa yana danna kafet a gindin ƙafar gado, inda babu abin da ya tashi.

"Wata nawa?"

Ya ce, "Huɗu. Ko biyar."

"Gam ɗin, ko ni?"

"Duka biyun."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ni ne na juya fuska ga bango. Ta daɗe tana kallon ɗakin, taga, ƙofa, inda aka ajiye mata buta.

"Da ka jira ya bushe, da na ƙara wata guda a can."

"Ko fiye."

"Wannan ne aikin farko da ka ɓata da saninka."

"Shi ne."

Ta ɗora hannu a kansa, a kan furfurar, ta bar shi a nan. Sannan ta dube ni.

"Kai, sauko daga nan kafin ka faɗo mini. Je ka kira mini yarinyar nan, ka ce ta huta da ƙarya haka, ta zo mu zauna."

Na sauko na fita. Ba sai na yi nisa ba, Malama tana bayan ƙofa a tsaye, da butar shayi a hannu ba ta ko zuba ruwa ba.